Shirun Fadila a Gaban Likita

Akwai wata malamar firamare a Sandamu mai suna Fadila, wadda gwaji ya tabbatar tana da ciwon daji a mamanta na hagu. Likitoci suka ce babu makawa sai an cire shi.

Ranar Litinin da za a yi mata bayanin aikin a wani asibiti a Katsina, mijinta Mansur ya raka ta tare da wansa, Alhaji Mainasara, wanda maganarsa ce ake bi a gidan tun rasuwar mahaifinsu.

Likitar ta shimfiɗa musu zaɓin dalla-dalla. Ana iya cirewa a bar wurin haka. Ana iya sake gina maman da wata roba mai taushi da ake sakawa ƙarƙashin fata, ko kuwa da naman jikinta, daga gadon baya ko daga ciki. In ana so a haɗa cirewa da ginawa a shiga ɗaya, dole ta sani zuwa ranar Alhamis, domin a bar fatar da za ta rufe wurin. In ba haka ba, sai dai a sake wani aikin nan gaba.

Sannan ta tambayi Fadila wanne ta fi so.

Fadila ta fahimci komai, ta kuma san abin da ranta ya kwanta da shi. Amma wace mace ce za ta yi zancen ƙirjinta a gaban wan mijinta? Ta sunkuyar da kai, ta gyara mayafi.

Alhaji ne ya amsa. Ya ce a yanke kawai a huta, mai 'ya'ya huɗu ba amarya ba ce. Likita ta sake tambayar Fadila, ba ta ɗago ba.

"Kin gani ko, likita? Shirunta yarda ce," in ji Alhaji.

Likita ta ce ita ba ta rubuta shiru a takarda, su dawo Alhamis.

A gida Fadila ta faɗa wa Mansur abin da take so. Ya ce Yaya ya riga ya yanke magana, shi ba shi da bakin tayar da ita. Talata ta wuce a haka.

Ranar Laraba ta hau mota zuwa Daura, wajen Goggo, ƙanwar mahaifin su Mansur. Tsohuwar ta saurare ta tana ɓarar gyaɗa. Tambaya ɗaya ta yi mata: don kanta take so, ko tsoron kada miji ya juya mata baya? Fadila ta ce don kanta ne, ita ce za ta riƙa ganin wurin duk ranar da ta shiga wanka.

Alhamis, su huɗu har da Goggo suka shiga wajen likita. Ana ajiye takardar amincewa, Alhaji ya miƙa hannu. Ya ɗauki biro.

"Mainasara, ajiye biron nan," in ji Goggo. "Haƙori ɗaya ka rasa, ka tafi har Kano aka dasa maka wani, ba ka shawarci kowa ba. Ƙirjin naka ne?"

Alhaji ya ce, Goggo, wahala yake rage wa Fadila, aikin zai yi tsawo. Goggo ta ce mai jiki ce ta san wahalar da za ta iya ɗauka. Ta umarce su su fita shi da ƙaninsa, domin kunyarsu ce ta ɗaure wa yarinyar baki.

Ƙofa ta rufe. Likita ta yi tambayarta karo na uku.

Fadila ta ce, "A gina mini da naman bayana."

Likita ta gargaɗe ta cewa za a sami tabo a bayan, jinyar za ta fi daɗewa, kuma ba zai zama kamar na asali ba. Fadila ta ce ta ji. Ta sa hannu da kanta.

Da suka fito, Alhaji bai dubi kowa ba. Ya tsayar da wata ma'aikaciyar jinya, ya tambaye ta inda ake ba da jini, domin ya ba da nasa saboda aikin Fadila.

Darasi: Shirun mace a gaban manya sau da yawa kunya ce, ba yarda ba. Duk wanda ya raka mara lafiya asibiti ya sani rakiya aka sa shi, ba a ba shi jikinta ba. Ku fita ku bar ta da likita, ta ji zaɓin da ke gabanta, ta amsa da bakinta. Ku tura wannan ga magidanta kafin ku tura wa mata.