Tsakuwa a Asusun Tasallah

"Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa!"

"Ta zo mu ji ta, Iya!"

Wata yarinya ce wai ita Tasallah, mai tallan ƙuli-ƙuli. Maƙwabcinsu Baba Jatau yana da 'yar akuya marainiya. Tasallah ce ta raine ta da koko a ludayi, har akuyar ta riƙa bin ta kamar jela.

Ran nan Baba Jatau ya ce, "Yarinya, bayan girbi zan sayar da ita. In kin tara kuɗinta, taki ce. In ba haka ba, sai mahauci."

Sai kakarta ta sayo mata asusun ƙasa, ta ce, "Ribarki ta kullum ki jefa nan. Ni zan riƙa girgizawa in ji."

Da fari Tasallah ta yi abin kirki, wallahi. Sai ga mai alewa. Yawunta ya tsinke. Sai ta sa tsinken tsintsiya ta zaƙulo kwabo biyu, ta jefa tsakuwa biyu. Kaka ta girgiza, ta ce, "Allah ya yi miki albarka."

Sai ga mai awarwaro. Tasallah ta ce a ranta, "Wannan kaɗai, gobe zan mayar." Ina! Tsakuwa ta ƙaru.

Sai ga mai tsire. Kun dai san ƙamshin nan. Wannan karon ko ƙirgawa ba ta yi ba.

Aka gama girbi, sai ga Baba Jatau, mahauci na biye da shi riƙe da igiya. Kaka ta shimfiɗa tabarma tana cika baki: "Jatau, sallami mutumin nan, jikata ta tara!" Ta ɗaga taɓarya ta fasa asusu. Sai tsakuwa ta watse, kwabo uku kacal a ciki.

Kaka ba ta doke ta ba, da ma dukan ta yi. Cewa kawai ta yi, "Ashe duwatsu nake ta sa wa albarka."

Tasallah ta tuɓe awarwaro. "Baba, don Allah karɓi waɗannan!"

Ya ce, "'Yar nan, ko ƙafarta ɗaya ba za su saya ba."

Sai mahauci ya ɗaura igiya. Akuya na tirjewa tana waiwayen Tasallah, ita kuma tana bin su da kuka har bakin gari. Wayyo, ni kaina abin na sosa mini rai. Daga ranar ba ta ƙara iya cin tsire ba.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu. Wanda ya saci kuɗin asusunsa, kansa ya cuta. Kai Ɗanlami, daina sunkuyar da kai, da kai nake!