Gyare a Gindin Bango

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso.

Ta zo mu ji ta.

Bazara na ƙaratowa, Baba Tunau ya kwaɓa ƙasa zai yaɓe tsagogin bangonsa, kada ƙwari su samu mafaka. A wata tsaga Gyare yake, matarsa kuwa ta tafi ganin gida.

Tsaka uwar tsegumi ta leƙo ta ce, "Malam Gyare, fito, yaɓe ya iso."

Ya ce, "Yaya Tsaka, in na tashi, ina matata za ta same ni?"

Ta ce, "To zauna, ta same ka a binne."

Dole ya fito, yana kallo aka shafe ƙofarsa sumul. Har yau yana gindin bangon yana kira, kada matarsa ta dawo ta ga ba ƙofa ta juya.

Ƙurunƙus kan ɗan gyare.