Tseren Kujerar Malam Dauloli

Akwai wani malamin tarihi da ɗalibansa suka laƙaba wa suna Malam Dauloli. Sunan ya bi shi, har matarsa ma da shi take tsokanarsa.

Mutumin ya san aikinsa, wannan ba zan hana shi ba. In ya tsaya gaban allo yana ba da labarin yadda Mongol suka shiga Bagadaza, ko yadda Usmaniyawa suka fasa ganuwar Kustantiniyya, ko an kaɗa ƙararrawar tashi ba mai motsawa. Da wannan bakin ya kafa makarantarsa, daga aji biyu a bayan gida har ta zama bene, da ofishinsa a sama, da wata ƙatuwar kujerar fata da ba mai zama a kanta sai shi.

Matsalarsa ɗaya ce: ya karanta tarihin sarakuna har ya fara ganin kansa a cikinsu.

Yana da 'ya'ya biyu maza, babban ana kiransa Yaya, ƙaramin kuma Auta. Shekara biyu ce tsakaninsu. Kwano ɗaya suka tashi suna ci, kuma har suka yi aure, in ka ga ɗaya to ɗayan yana bayan ƙofa. Dukansu a makarantar suke koyarwa.

Kowane uba zai gode wa Allah da haka. Shi kuwa Malam sai abin ya dame shi. A ganinsa yaran sun cika sanyi, ba wanda zai iya riƙe makarantar bayansa.

Wata rana bayan cin abincin rana ya zaunar da su, mahaifiyarsu, wadda kowa ke kira Mama, tana gefe tana tattara kwanuka.

"Na duba tarihi," in ji shi. "Da Faransawa suka raba daularsu kashi uku tsakanin jikokin sarki, ba ta sake haɗuwa ba. Amma ku dubi Usmaniyawa a farkonsu. Sarki yakan tura kowane ɗa ya riƙe lardi. Ranar da sarki ya faɗi, wanda ya fara isa fada ya fi kusa da gadon mulki. Shi ya sa suka yi ta samun jarumai."

Auta ya yi dariya. "Baba, mu ai ko doki ba mu da shi."

Malam bai yi dariya ba. Ya ce zai buɗe rassa biyu, ɗaya a wannan ƙarshen gari, ɗaya a wancan, kowa ya riƙe nasa. Ranar da shi ya kasa, wanda ya fara isa ofishinsa ya ɗauki hatimin makaranta daga aljihun tebur, shi ne shugaba.

Mama ta ajiye kwanukan.

"Malam, shekara talatin ina jin labaran nan a bakinka. Wanda ya iso na biyu fa, me ake yi masa?"

Ya san amsar, don shi ya koya mata. Sau da yawa shaƙe shi ake yi. Amma ya kaɗa hannu ya ce, "Wancan zamani ne. Ke dai ki bar min abin da na sani."

Ya rubuta maganar a takarda, ya sa lauya ya sa hannu.

Da farko yaran sun mai da abin wasa. In sun haɗu, Yaya yakan ce, "Yarima, ya mutanen lardinka?" Su fashe da dariya.

Sai Malam ya ga wasan ya yi yawa. Ya shiga kiran kowa shi kaɗai. Ya ce wa Yaya, "Ƙaninka ya fi ka kai, ka ga sakamakon ɗalibansa kuwa?" Ya ce wa Auta, "Yayanka har yanzu kallon yaro yake maka." Ba ƙarya yake yi gaba ɗaya ba, kuma ba gaskiya yake faɗa gaba ɗaya ba. Wallahi ni nan ne ya fi ba ni haushi, don yana yi yana jin daɗi, wai yana horar da magada.

Cikin shekara huɗu dariyar ta mutu. Yaya ya ɗauke wa Auta malamin lissafi. Auta ya janye wa Yaya iyayen yara. Matansu suka daina gaisawa. In Yaya zai zo gaida iyayensa, sai ya fara tambaya ko motar Auta tana ƙofar gida.

Kowa ya auna hanyarsa zuwa ofishin. Ta Yaya minti ashirin da biyu, ta Auta ashirin da biyar. Auta ya koma ajiye motarsa tana fuskantar ƙofa kullum.

Mama ta yi magana har ta gaji. Ta ce, "Malam, ka yaga takardar nan, ka dawo min da 'ya'yana." Ya ce ita uwa ce, ba za ta gane ba.

Ran wata Talata da misalin ƙarfe goma na safe, Malam yana gida yana neman wani littafi, motarsa tana wurin makanike. Mama ta ji ƙarar faɗuwa. Ta same shi kwance tsakanin kantar littattafai da tebur, bakinsa ya karkace, hannunsa na dama ba ya motsi. Idonsa biyu, yana jin komai, amma magana ta ƙi fita.

Ta kira Yaya a waya. "Babanku ya faɗi! Bakinsa ya karkace!"

"Ga ni nan, Mama."

Ta kira Auta. Tambayarsa ta farko ita ce, "Kin gaya wa Yaya?"

"Yanzu na kira shi."

Ya kashe wayar.

Telan da ke maƙwabtaka da su ya ji kukanta ya shigo da gudu. Ya ce bari ya tare mota a titi.

"A'a, bar shi," in ji Mama. "'Ya'yansa biyu suna hanya, kowa da motarsa."

Ta sa masa matashi, ta zauna tana shafa masa ruwa a goshi. Duk motar da ta wuce sai ta miƙe ta leƙa taga. Rabin awa ta wuce. Awa ɗaya ta wuce. Ta kira su, ba mai ɗauka.

Sai wayar ta yi ƙara. Sakatariyar makaranta ce, tana ihu har Malam yana ji daga inda yake kwance.

"Mama, ku zo! Su Yaya sun yi dambe a kan matakala. Yaya ne a gaba, Auta ya riƙo rigarsa, shi kuma ya hankaɗe shi. Auta ya gangaro har ƙasa, ba ya iya tashi. A gaban yara, Mama!"

Mama ta dubi mijinta. Shi ma ita yake kallo.

Telan ne ya kai Malam asibiti a ƙarshe, a bayan motar wani mai kai kaya. Likita ta duba shi, ta tambayi ƙarfe nawa ya faɗi. Da ta ji, sai ta girgiza kai.

"Irin wannan ciwon da minti ake lissafa shi. Da kun zo da wuri, da sauran magana. Zai rayu, amma ban yi muku alkawarin baki ko ƙafa ba."

A ɗakin da ke ƙarshen barandar asibitin aka kwantar da Auta. Ƙashin bayansa ya taɓu. Mama ta wuni tana kai da komo tsakanin ɗakuna biyu, ba ta ko iya kuka.

Da yamma Yaya ya shigo. Rigarsa a yage, leɓensa a fashe. Ya tsaya a bakin gadon, ya kasa haɗa ido da mahaifiyarsa. Sannan ya durƙusa, ya buɗe tafin hannunsa, ya nuna wa uban hatimin.

"Baba," ya ce, "ni na fara isa."

Yana durƙushe yana jiran a ce masa ya kyauta. Shekara huɗu yana jiran wannan kalmar.

Malam ya buɗe baki. Ya yi ƙoƙari har jijiyar wuyansa ta miƙe. Ba abin da ya fito sai yawu, Mama ta sa gefen mayafinta ta share masa.

Darasi: Gidanka ba daula ba ne, 'ya'yanka kuma ba yarimomi ba ne. In ka koya musu cewa kujerarka ta fi ɗan'uwansu daraja, kada ka yi mamaki ranar da suka gane ta fi ka kai ma. Kuma in na kusa da kai ya ja hankalinka, ka saurara, ko da ka fi shi karatu. Ku tura labarin nan ga duk uban da kuka san yana gwara kan 'ya'yansa da sunan horo, ko Allah ya sa ya tsaya tun da sauran lokaci.