Ƙwayar Cuta a Kofin Tabawa

A wani ƙaramin gari, ruwan famfo ya dinga sa yara gudawa, Ciyaman kuwa ya kafe cewa ruwan garau yake. Da ya ji Tabawa mai koko ce ke zuga matan garin cewa akwai ƙwayar cuta a ruwan, sai ya aika mata cewa ta kawo ƙwayar cutar ya gani da idonsa, in ba haka ba a rushe rumfarta.

Washegari Tabawa ta tari ruwan famfo a kofi, ta same shi a ofis cikin jama'a, ga ruwan gora a gabansa.

"Ranka ya daɗe, ga ta nan ciki."

Ya leƙa, ya ce, "Ni ban ga komai ba."

"To alhamdulillahi, ashe ruwa ne zalla. Bismillah, shanye. In ka sha, ƙarya nake, a rushe rumfar."

"In ban sha ba fa?"

"Ka gan ta ke nan."

Ciyaman ya dubi kofin, ya dubi jama'a, ya ture shi gefe, ya ce a kira masu wanke tanki yau ɗin nan.

Tabawa ta ɗauki kofinta, ta ce, "Allah ya ƙara wa idon nan lafiya. Ni kaina ban taɓa ganinta ba."