Ranar Da Lamba Biyu Ta Ƙi

Akwai wani farfesan lissafi da ɗalibai suka laƙaba wa suna Malam A-Bayyane, domin duk wanda ya yi masa tambaya a aji, sai ya kalle shi ta saman tabarau ya ce ai wannan a bayyane yake.

Bincikensa a kan lambobin nan ne masu taurin kai, waɗanda ba abin da ke raba su sai ɗaya da su kansu, irin su biyu, uku, biyar da bakwai. Ya taɓa kafa wata ƙa'ida da ya ce ta hau kansu duka. Aka buga ta a mujallar masana, sunansa ya zaga.

Yana da wata ɗaliba mai neman digirin digirgir, uwar yara biyu, wadda ta ɗora aikinta kacokan a kan ƙa'idar nan. Saura kaɗan ta tsaya gaban masu jarrabawa ta kare shi.

Wata safiya yana ofis yana neman misali mai sauƙi da zai kai aji, sai ya ce bari ya gwada ƙa'idar da ƙaramarsu, wato biyu. Ya bi ta layi-layi a allo. Da ya iso tsakiya, hannunsa ya tsaya cak.

A nan ne, tun lokacin da ya kafa ƙa'idar, ya yi wata rabawa da ba ta yiwuwa sai idan lambar mara ce, wato wadda ba ta rabuwa gida biyu daidai. Dukansu kuwa mara ne, in ban da biyu. Shi da masu tace mujallar duk sun tsallake wurin. Aikin ɗalibarsa kuma, daga farko har ƙarshe, a kan biyun yake.

Ya kulle ƙofa, ya goge allon, ya sake bi. Ta ƙi. Da ya ji takun mutum a baranda sai ya tsaya ya kasa kunne, kamar an zo kama shi.

Kwanaki ya yi abinci ba ya wuce masa. Idan ya hango ɗalibar sai ya sauya hanya. Zuciyarsa tana raya masa cewa ya yi shiru, wa zai lura? Idan kuwa ya faɗa, waɗanda ya sha yarfawa a taro za su samu abin dariya.

Matarsa ta tsare shi da tambaya har ya faɗa mata. Ta fara da tsokana, wai duk lambobin duniya sai biyu ce ta kayar da shi. Da ta ga bai ko murmusa ba, sai ta gyara zama.

"Baban yara, kai sunanka kake tsoro. Ita fa baiwar Allahn nan za ka bari ta hau bene, alhali ka san babu tsani a ƙarƙashinta?"

Washegari ya kira ɗalibar, ya miƙa mata alli, ya ce ta bi layin da biyu. Ta bi. Da ta iso wurin, sai ta zauna a kujera ba tare da an ce ta zauna ba.

"Malam, aikina ya rushe ke nan?"

"Laifina ne, 'yata. Ni zan faɗa wa kowa."

Ya rubuta wa mujallar ya janye rabin ƙa'idarsa. An yi dariyar da yake tsoro, har a ɗakin shan shayin malamai. An ɗage jarrabawar ɗalibar, mijinta ya daina amsa gaisuwar farfesan. Shekara guda suka yi a gaban allo, har ta gano hanyar da biyu ke bi ita kaɗai.

Ranar jarrabawa, baƙon farfesan da aka gayyato bai ko buɗe kundinta ba. Ya ce tun da ya karanta tsohuwar ƙa'idar wani layi ke damunsa, kuma da shi ya yi niyyar farawa.

Layin nan ne da biyu ta ƙi, wanda suka shekara suna gyarawa. Ɗalibar ta miƙe, ta ɗauki alli.

Darasi: Kuskuren da ka ɓoye don kare sunanka, a kan wanda ya amince da kai yake fashewa. Ka faɗe shi da bakinka tun da sauran lokacin gyara. Ku tura wa malamai da ɗaliban da kuka sani, wataƙila wani yana riƙe da irin wannan tsoron a yau.