Takalman da Aka Rataye a Bakin Rumfa

An yi wani mutum a nan bakin tafkinmu, wajen Makanjira. Ba zan faɗi sunansa ba, domin yana raye, kuma kunyar da yake ciki ta ishe shi. Mai ɗori ne, ya gaji sana'ar daga mahaifinsa. In masunci ya karye a kwale-kwale, wurinsa ake kai shi, kuma Allah ya sa wa hannunsa albarka. Da ya tsaya nan, da ba ku ji labarinsa a bakina ba.

Kun san asibitin yaran nan na birni, wanda masu sadaka suke riƙe da shi, irin waɗanda suka gina a ƙasashe da dama. Jaririn da aka haifa da ƙafa a murɗe, tafin yana kallon ciki, can ake kai shi. Su yi ta ɗaure ƙafar mako-mako har ta miƙe, ba sa karɓar kuɗi, ko kwacha ɗaya. Sannan su ba uwa takalma biyu haɗe da ƙarfe a tsakani, su ja mata kunne: in aka daina sa wa yaro kafin lokaci, ƙafar komawa take yi yadda ta fito.

Mutumin nan ya ga mata suna wuce ƙofarsa su hau motar birni, hassada ta ci shi. Sai ya lura yara ba sa son ƙarfen. Kuka suke yi, goyo ya gagara, iyaye mata sun gaji.

Ya fara tare su. "Haba, jariri ne ko ɗan fursuna? Kawo shi nan."

Ya kwance takalman, ya shafa wani baƙin mai, ya ɗaga ƙafar sama kowa ya gani. "Ta miƙe ko ba ta miƙe ba?" Ta miƙe mana! Ai da ma a miƙe ta zo. Aikin wasu ne ya ɗauka ya sa wa sunansa. Takalman kuwa ya rataye su a bakin rumfarsa kamar shanyar kifi, don mai wucewa ya ga yawan waɗanda ya ceta. Har aka fara ce masa Likita.

In an kwana biyu ƙafa ta fara komawa, sai ya ce ƙarfen ne ya riga ya shanye jijiyar. Ya 'yan uwa, da jahilci ne, da na yi masa uzuri. Amma mai ɗori ne. Ya san ƙashi, ya san abin da yake yi.

Yana da 'ya guda, Ajira, tana aure can arewa, ƙetaren iyaka. Wata ranar kasuwa, rumfa cike da mutane, sai ga ta da jariri a hannu, ƙafafunsa cikin takalman ƙarfe. Ɗanta ne, Twaibu. Daga asibitin take, ta biyo ta gida, jirgin ruwa yana jiranta.

"Baba, surukata ce ta matsa sai na kai shi. Na ce mata ubana ya fi su duka. Cire masa wannan masifa."

Ya ce a hankali, "Shiga ciki tukuna, ki ci tuwo."

"Jirgi zai tashi, Baba."

Wata mai sayar da kifi ta yi dariya. "Yauwa! Yau za mu ga ko man nan yana aiki a gida."

Ya dubi jikansa, ya dubi taron. Magana guda ce ta rage masa: ƙarya nake yi. Me za ta ci masa? Dariyar kasuwa ta kwana uku. Amma ya durƙusa, ya kwance igiyar takalman da hannunsa, ya shafa man, aka yi masa kabbara. Ajira ta hau jirgi tana murna.

Ya ce wa kansa zai kira ta gobe. Waya tana aljihunsa. Ya ɗauko, ya mayar. Da ita ta kira ta ce ƙafar kamar tana karkacewa, kun san abin da ya ce? "Ƙara shafa man."

Ranar da Ajira da mijinta suka dawo, Twaibu ya riga ya fara tafiya, amma da gefen ƙafa yake takawa, wurin ya yi kanta. Mijin Ajira ya ce a koma asibiti, kuma tsohon ma sai ya zo. Ya bi su kamar wanda ake ja.

A bencin jira ya tarar da matan garinsu da yaran da ya taɓa shafa wa mai. Ɗaya ta ce, "Au, Likita, kai ma layi kake bi?"

Ma'aikaciyar jinya, Sista Mwandida, ta duba ƙafar, ta tambayi wanda ya cire takalman. Ajira ta amsa kanta a sama, don har lokacin ba ta gane ba. "Babana ne. Shi ma yana magani, wani mai yake shafawa."

Sista ta dubi tsohon. "Baba, me ke cikin man?"

Ya ce, "Man zurma ne da gawayi."

Ajira ta juyo. "Ranar nan ka sani?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ni da na yi faɗa da surukata a kanka."

Aka karɓi yaron kyauta, kamar farko. Amma abin da takalmi zai riƙe, yanzu sai da wuƙar tiyata, kuma sun ce zai taka, sai dai ba kamar yadda zai taka da an bar shi ba. Ba wanda ya zagi tsohon. Sista ta jawo masa kujera, ta sa aka ba shi shayi. Shi da kansa ya ce da mari aka yi masa da ya fi masa sauƙi.

Labari ya riga shi isa gida. Tun daga nan ko targaɗe ba a kai masa. A masallaci ya koma sahun baya, ana sallama ya fice. Ajira ba ta sake kiransa ba.

Wata safiya ya sauke takalman duka, ya zuba a kwando, ya bi gida-gida yana mayarwa. Yaran sun girma. Babu ƙafar da ta shiga ko ɗaya. Wata uwa ta ce, "Akuya zan sa wa?" ta rufe ƙofa. Na Twaibu ne suka rage a hannunsa, kowanne bai cika masa tafi ba, kuma ba shi da inda zai kai su.

Ya 'yan uwa, mutanen da ba su taɓa ganin yaranmu ba sun cire daga dukiyarsu don yaran su taka. Wanda ya san su, ya san iyayensu, shi ya kwance. Don me? Don kada a yi masa dariya. Ya guji kunyar yini guda, ya ɗauki ta sauran rayuwa, ga tsayuwa gaban Allah tana jiransa. Wanda duk ke riƙe da ƙaryar da ke cutar da wani, ya sake ta yau, tun takalmin yana shiga.

Allah ya ba yaran nan lafiya, ya saka wa masu sadaka da alheri, ya karɓi tuban wannan bawa. Allah ya kiyaye mu da girman kan da zai hana mu cewa mun yi ƙarya. Amin.