Hulunan Malam Haladu da Shafin da Ya Yi Nauyi

Ku gyara zama, mai waya a hannu kuma ya kife ta, ba na son a raba mini hankali biyu. Ni nawa ba da labari ne, hukunci naku ne in na gama.

A cikin birnin Zariya an yi wani maɗinkin hula, Malam Haladu. Mutum ne mai taurin kai a kan aikinsa, irin wanda zai warware hular da ya kusa gamawa don zare ɗaya ya karkace. Da tsufa ya zo, idanunsa suka fara yin yana, har likita ya ce masa allura ta kusa fin ƙarfinsa. Buri ɗaya ya rage masa: a ga aikinsa a wajen garinsu tun yana iya ganin fuskar mai kallo. Sai ga labari za a yi babban baje kolin sana'o'in hannu a Abuja. Alƙalan da ke zaɓen mahalarta ba sa zuwa rumfar kowa. Shafin intanet ɗin mutum suke buɗewa, su duba, su wuce na gaba. Aka ce ranar Alhamis za su zo kan nasa.

'Ya'yansa uku ne. Tasi'u ne babba, aikin kwamfuta yake yi, shi ya gina wa uban shafin tun shekarun baya. Mudi ke bi masa, shi ya gaji allura, kullum yana rumfa gefen uban. Sai Zulai, malamar firamare, tana aure a wani ƙauye can bayan Giwa.

Da Tasi'u ya ji maganar alƙalai, ya ce ba za a karɓi baƙi a tsohon ɗaki ba. Manhajar da ke riƙe da shafin, wadda ake zuba hotuna da rubutu a cikinta, ta tsufa har ɓarayin intanet na iya shiga. Ya ajiye kwafin tsohon shafin a gefe, ya sabunta manhajar, ya buɗe a kwamfutarsa ya ga komai ya fito nan take. Ya ce alhamdulillahi, ya rufe. Bai san kwamfutarsa ta riga ta ajiye hotunan a cikinta ba, su take nuna masa.

Zulai ce ta fara ganin ɓarnar. Ta buɗe shafin don ta nuna wa abokan aikinta hulunan babanta, sai ga suna ya fito, rubutu ya fito, gurbin hotuna kuwa fari fat, wani ɗan da'ira yana ta juyawa. Ta kira Tasi'u, ya yi dariya ya ce sabis ɗin ƙauyensu ne, ta hau bishiya. Da wata ce, da ta yi fushi ta bar zancen, amma Zulai jinin Malam Haladu ce. Ta bi malamai tana aron wayoyinsu, ta gwada a ta mai shago, ta gwada a ta direban tasha. A kowace waya sai ta buɗe wasu shafukan su fito, ta buɗe na babanta ya tsaya. Ta nemi izini a makaranta, ta hau mota zuwa Zariya, ta dire wayarta a gaban wanta.

"Yaya, ga sabis ɗin birni," in ji ta. "Buɗe a nan in gani."

Ya buɗe. Da'irar nan ta yi ta juyawa har shayinsa ya huce.

Tasi'u bai tsaya kare kansa ba, a nan na yaba masa. Abokansa suka ce ya mayar da tsohon shafin kawai ya huta, ya ƙi, ya ce ba zai bar ƙofar babansa a buɗe ba. Ya ɗauko kwafin nan da ya ajiye, ya jera tsoho da sabo yana kwatantawa. Akwai ƙananan manhajoji da ake liƙa wa babbar, kowace da aikinta. Ya dinga kashe su ɗaya bayan ɗaya yana gwadawa a wayar Zulai, ko abinci bai waiwaya ba. Can ya kama mai laifin. Ashe akwai wata da ke rage nauyin hotuna kafin a aika wa mai kallo. Sabuwar manhajar ba ta jituwa da ita, sai ƙaramar ta mutu shiru ba ta ce wa kowa uffan ba. Hotunan kuwa manya ne na fitar hankali, don Malam ya sa mai hoto ya ɗauki kowace hula yadda za a iya ƙirga zarenta. Yanzu shafin yana ƙoƙarin cusa su duka a lokaci ɗaya cikin wayar mutum. Maganin a fili yake: a rage hotunan.

To, a nan aka ci karo da dutse. Shekara da shekaru Malam bai san ana rage masa hotuna ba, sai ranar da Tasi'u ya je da bayani. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce ashe duk tsawon lokacin nan ana nuna wa duniya ɗinkinsa a dushe. Ya ce gara a rufe shafin, baje kolin ya wuce, da a rage masa zare ɗaya. Tasi'u ya yi bayani har muryarsa ta dushe. Zulai ta yi kuka. Tsoho ya juya musu baya, ga shi Laraba ta yi.

Mudi bai san komai a kwamfuta ba, amma ya san ubansa. Ya jira har wani mai saye ya shigo rumfa. Malam ya yi yadda ya saba: mutumin ya dubi hulunan da ke jere a kanta daga nesa, ya nuna ɗaya, sannan Malam ya sauko da ita, ya kaɗe, ya miƙa masa ya juya ta a haske. Da mutumin ya fita, Mudi ya matso.

"Baba, me ya sa ba ka juye masa hulunan rumfar nan duka a cinya ba?"

"Kai ma ka san ba a haka. Ai sai ya rasa wadda zai kalla."

"To shafinka haka yake yi wa mutane. A jera ƙanana kamar a kanta. Wadda mutum ya taɓa, a sauko masa da ita da cikakken zarenta."

Malam ya murza zare a yatsa. Sannan ya ce a kira masa babban, don ba ya faɗin sunan ɗan farinsa. Ya tambaye shi ko hakan zai yiwu. Tasi'u ya ce aikin ba wuya, izinin ne dama ya gagara. Kafin la'asar ya gama. Zulai ta koma ƙauye ta gwada a mafi lalacewar wayar da ta samu, hulunan suka jeru kafin ta gyara mayafi.

Alƙalai suka duba, suka zaɓi Malam Haladu. Sai dai gayyatar ta mutum biyu ce: maɗinki da mai rakiya ɗaya. Kuma kowa a gidan ya san wannan ce tafiyar da tsohon zai yi da sauran ganinsa, ba za a sake irinta ba.

Zulai ta ce ba don ta nace ba, da Alhamis ta zo ta wuce suna ta murna da shafin da ba ya buɗuwa. Tasi'u ya ce gaskiya ne a hannunsa abin ya lalace, amma a hannunsa aka gano ciwon, kuma ba wanda zai iya gyaran sai shi. Mudi ya ce an san ciwo, an san magani, amma mara lafiya ya rufe baki, kuma shi Mudin ne ya sa ya buɗe.

Malam Haladu, wanda a da yake hango karkataccen zare daga bakin ƙofa, ya dubi 'ya'yansa uku ya kasa ganin wanda ya fi. Kujera ɗaya ce a gefensa. To ku da kuka ji komai, wa ya fi cancanta ya riƙe hannun tsohon nan zuwa Abuja?